Mai Gina Kanel, Fara Koya Masa Magana

Wanda ya saba rubuta manhajar yau da kullum, a Python ne ko Java ko C, yana cikin wani gata da bai cika lura da shi ba. Idan manhajarsa ta yi kuskure akwai babba a sama da zai tare ta: Linux ko Windows za ta dakatar da ita, ta rubuta masa abin da ya faru, sauran kwamfutar kuma ta ci gaba da aikinta. Ranar da ya ce zai gina kanel nasa, wato zuciyar babbar manhaja, wanda ke riƙe da firosesa da ma'adana da duk na'urorin da ke jikin kwamfuta, wannan gata ya ƙare. Shi ne babban yanzu. Babu `printf`, babu fayil, babu mai rubuta saƙon kuskure. Abin da zai gani bai wuce baƙin allo ba, ko kwamfuta tana ta mutuwa tana tashi ba ƙaƙƙautawa.

A nan ne yawancin masu farawa suke karaya. A canza layi ɗaya, a sake harhaɗa kod, a tayar, a ga baƙin allo, a sake canza wani layin. Wannan lalube ne a cikin duhu, kuma yana cinye makonni ba tare da mutum ya ƙaru da komai ba. Shawarata ita ce, kafin ka rubuta mai rabon ma'adana, kafin mai tsara ayyuka, kafin tsarin fayil, ka fara gina hanyar da kanel zai gaya maka abin da ya same shi. Zan yi bayanin a kan firosesar x86 domin a kanta aka fi koyo, amma tunanin bai canza ba a kan ARM ko RISC-V.

Kada ka fara a kan ainihin kwamfutarka. Ka sauke QEMU, manhajar da Fabrice Bellard ya fitar a 2003, wadda ke kwaikwayon kwamfuta sukutum a cikin taga guda. Kyauta ce, tana tashi nan take, kuma duk ɓarnar da kanel ya yi a cikinta ba za ta taɓa fayilolinka ba.

Kusan kowa da allo yake farawa. A rubuta haruffa a adireshin 0xB8000, inda ma'adanar rubutu ta VGA take: layi 25, kowane layi harafi 80, kowane harafi bayit biyu, ɗaya na harafin ɗaya na launinsa. Akwai daɗi mutum ya ga sunansa ya bayyana ta hanyar kod ɗin da ya rubuta da hannunsa, ba na raina wannan. Amma wajen bincike allo ba shi da amana. Layin da ya haura sama ya tafi ke nan, kuma da zarar kwamfuta ta sake tashi komai ya goge, alhali abin da kake nema shi ne layin ƙarshe kafin mutuwar. Ga shi kuma kwamfutocin da ke tashi da UEFI zalla ba su ba da wannan yanayin rubutu ko kaɗan, sai dai ka zana kowane harafi ɗigo-ɗigo.

Kafar siriyal ita ce abin dogaro. Ta farko, COM1, tana kan lamba 0x3F8, kuma saita ta bai kai layi goma ba. Ka rubuta sifili a 0x3F9 don ta daina katsalandan. Ka rubuta 0x80 a 0x3FB don ka samu damar sa gudu, ka sa 1 a 0x3F8 da 0 a 0x3F9, wanda ke ba da gudun 115200, sannan ka rubuta 0x03 a 0x3FB. Kafin ka tura kowane harafi ka duba bit na 5 a 0x3FD. In yana kunne, hanya a buɗe take. Sai ka tayar da QEMU da `-serial stdio`, duk abin da kanel ya faɗa ya fito a tagar umarninka, ko `-serial file:rahoto.txt` ya shiga fayil inda za ka iya komawa baya, ka bincika, ka kwatanta na jiya da na yau. In ma wannan ya yi maka yawa a matakin farko-farko, lokacin da kake cikin asambuli ba ka ko kafa sitak ba, akwai kafa 0xE9. Ba ta bukatar saiti: ka tura bayit da umarnin `out`, QEMU ta nuna shi in ka ƙara `-debugcon stdio`. Harafi ɗaya bayan kowane mataki ya isa. In ka ga A da B ba ka ga C ba, ka san inda za ka duba.

A kan wannan kafa za ka ɗora ƙaramin `printf` naka, mai iya rubuta kalma da lamba da adireshi. Ka rubuta shi yadda ba ya roƙon ma'adana daga mai rabo, ba ya jiran katsalandan, ba ya dogara da komai sai kafar. Ranar da za ka fi bukatarsa ita ce ranar da duk waɗancan suka lalace.

Yanzu ga ɓangaren da na fi son mai karatu ya tsaya a kai, domin shi ne ke raba mai bincike da mai lalube. Firosesa ba ta mutuwa haka kawai. Duk sanda aka ba ta umarnin da ba za ta iya zartarwa ba sai ta ɗaga ƙorafi, kuma kowane irin ƙorafi da lambarsa: 0 na raba lamba da sifili, 6 na umarnin da ba ta gane ba, 13 na keta dokar kariya, 14 na kuskuren shafi, wato an taɓa adireshin da ba a shimfiɗa ba ko ba a da izini a kansa. Intel ta keɓe lambobi 0 zuwa 31 don wannan aiki. Firosesa za ta duba teburin IDT ta nemi wanda ka naɗa ya karɓi ƙorafin. In babu shi, ko teburin a karkace yake, abin ya kai ga lamba 8, kuskure ninki biyu. In shi ma bai samu mai karɓa ba, sai ninki uku, wanda babu wani kod da ke iya tare shi: kwamfuta ta sake tashi. To wannan mutuwa da tashi da kake ta gani, ma'anarsa firosesa ta yi ta ƙoƙarin gaya maka matsalar ba ta samu mai saurare ba.

Don haka ka cika gurabe 32 ɗin nan duka tun da wuri. Mai karɓar ƙorafi ba sai ya gyara komai ba. Aikinsa ya sa kanel ya bar wasiyya kafin ya cika: lambar ƙorafin, lambar bayanin da ke biye da shi, rijistar RIP mai nuna umarnin da ya jawo matsalar, RSP, sauran rijistoci gaba ɗaya, da CR2 da CR3. Ya rubuta su a siriyal, sannan ya tsayar da firosesa da `cli` da `hlt`. Ka kula da abu ɗaya a nan: ba kowane ƙorafi ne ke zuwa da lambar bayani ba. Su 8, 10, 11, 12, 13, 14 da 17 suna zuwa da ita, irin su 0 da 6 ba sa zuwa da ita. In ba ka cike gurbin da sifili ga waɗanda ba su da ita ba, duk abin da za ka karanta daga sitak zai goce da gurbi ɗaya, ka yi ta bin adireshin ƙarya.

Karanta wasiyyar ma ilimi ne. A kuskuren shafi, CR2 na riƙe da adireshin da aka yi ƙoƙarin taɓawa, lambar bayanin kuma tana faɗin yadda aka taɓa shi. Bit 0 in yana kashe, shafin ne babu shi. In yana kunne, shafin na nan amma an keta izini. Bit 1 na nuna rubutu ne ba karatu ba. Bit 2 na nuna daga manhajar mai amfani abin ya fito. Bit 4 na nuna firosesa ta je ɗauko umarni ne daga wurin. A ce ka ga CR2 tana nuna 0x8, lambar bayani kuma 2. Kanel ne ya yi rubutu a adireshi 8, shafin kuma babu shi. Kusan tabbas wani manuni ne da ke ɗauke da sifili aka bi ta kansa zuwa fili na biyu na wani tsari. Amma ba za ka taɓa ganin wannan ba sai in ka bar shafin farko na ma'adana ba a shimfiɗe ba. In ka shimfiɗa shi, rubutun zai wuce salin-alin, ɓarnar ta fito can gaba a wurin da ba shi da alaƙa da asalin laifin. A yanayin bit 64 kuwa, in manuni ya cika da shara har adireshin ya fita daga tsarin da firosesa ta yarda da shi, lamba 13 za ka gani ba 14 ba, kuma CR2 ba za ta taimake ka ba; sai ka duba rijistocin da umarnin ya yi amfani da su.

Adireshin RIP shi kaɗai lamba ce kawai. Ka harhaɗa kanel da `-g`, ka ajiye fayil ɗin ELF ko da wani hoton daban kake tayarwa, sai ka ce `addr2line -e kanel.elf` ka bi shi da adireshin. Za ta ba ka sunan fayil da lambar layi. `objdump -d` kuma za ta nuna maka ainihin umarnin. In ka ƙara `-fno-omit-frame-pointer`, za ka iya bin sawun kiraye-kiraye da kanka: abin da ke adireshin RBP shi ne RBP na wanda ya kira, abin da ke bayit 8 sama da shi kuma adireshin komawa ne. Ɗan zagaye mai layi shida zai fitar maka da jerin waɗanda suka kira juna har aka iso wurin mutuwar. Ka dai sa masa iyaka, kuma ka tantance kowane adireshi kafin ka bi shi, kada mai karɓar ƙorafin shi ma ya faɗa rami.

Akwai mutuwar da ko wannan shiri ba ya kamawa, ita ce cikar sitak. Sitak ya cika, firosesa ta ɗaga kuskuren shafi, ta zo ajiye bayanan ƙorafin a kan sitak ɗin da ya riga ya cika, ta kasa, ta ɗaga lamba 8, ta sake kasawa a wuri guda, kwamfuta ta tashi. Maganin shi ne ka ba mai karɓar lamba 8 sitak nasa na kansa. A bit 64 ana yin haka ta teburin IST da ke cikin TSS, mai gurabe bakwai. Ka kuma bar shafi ɗaya ba a shimfiɗe ba a ƙarƙashin kowane sitak, domin cikar ta zama ƙorafi nan take maimakon ta yi ta cin bayanan maƙwabta a ɓoye.

Wani tarko da ya kama mutane da dama: ka gama IDT, ka ce `sti`, nan da nan sai ga lamba 8. Kafin ka zargi kod ɗinka ka tuna da tarihi. Tun kwamfutar IBM ta 1981, BIOS na ɗora katsalandan ɗin na'urori na farko a kan lambobi 8 zuwa 15. Agogo shi ne na farkonsu, yana bugawa wajen sau 18 a daƙiƙa, kuma lamba 8 yake sauka. Abin da kake gani bugun agogo ne sanye da rigar kuskure ninki biyu. Ka sake saita guntun 8259 ya mayar da su 32 zuwa 47, matsalar ta kau.

To idan kanel na mutuwa tun kafin IDT ta tsaya fa? Nan QEMU za ta yi maka shaida. Ka tayar da ita da `-d int,cpu_reset -no-reboot -no-shutdown`, ka ƙara `-D qemu.log` in kana son rahoton a fayil. Za ta rubuta kowane ƙorafi da katsalandan tare da rijistoci, kuma ba za ta sake tashi ta binne shaidar ba. Ka je ƙarshen rahoton ka hauro sama kana duba layukan da ke da `v=`. Za ka ga `v=08`, a samansa wataƙila `v=0d`, a saman wannan `v=0e`. Na farkon jerin shi ne mai laifi, sauran sakamako ne. Ka sani wannan rahoto yana fitowa ne idan QEMU da kanta take kwaikwayon firosesa. In ka kunna KVM don gudu, ainihin firosesarka ce ke aikin, ba za ka ga komai ba. QEMU tana kuma da ɗakin sa ido: da `-serial mon:stdio`, ka danna Ctrl da A sannan C ka shiga. `info registers` na nuna har da GDT da IDT da rijistocin iko. `info mem` na nuna abin da teburan shafinka suka shimfiɗa a zahiri, wanda sau da yawa ya sha bamban da abin da kake zaton ka shimfiɗa. `xp` na karanta ma'adana ta ainihin adireshinta, ba ta bi ta teburan shafi ba.

Sai GDB, manhajar bin diddigi. Da gangan na jinkirta ta zuwa nan. Mutane da yawa ita suke fara tambaya, suna ganin ita ce maganin komai, amma a ganina siriyal da wasiyya mai kyau suna warware mafi yawan matsaloli tun ba a buɗe ta ba. Amfaninta na fitowa ne bayan ka san unguwar da matsalar take, kana son ka ga yadda take faruwa taki-taki. Haɗa ta da QEMU ba wuya. `-s` na buɗe mata ƙofa a lamba 1234, `-S` na tsayar da firosesa kafin umarnin farko. A wata tagar ka ce `gdb kanel.elf`, sannan `target remote localhost:1234`, ka kafa shinge a `kmain` ko duk sunan da ka ba shi, ka ce `continue`. Daga nan `stepi` na tafiya umarni ɗaya-ɗaya, `x/10i $pc` na nuna umarni goma na gaba, `bt` na nuna jerin kira, `monitor info mem` kuma na miƙa tambayarka ga QEMU ba sai ka bar GDB ba. Wanda yake son ya ga an tsara wannan da kyau ya duba xv6, ƙaramin kanel na koyarwa da jami'ar MIT ta Amurka ta fara a 2006, inda `make qemu-gdb` ke yin duk haɗin.

Abubuwa biyu ke sa shinge ya ƙi kamawa. Na ɗaya, a ƙarƙashin KVM shingen `break` na aiki ne ta hanyar dasa bayit 0xCC a cikin kod, kuma in ka dasa shi kafin manhajar tayarwa ta loda kanel, za ta rubuta a kansa ta shafe shi. Ka yi amfani da `hbreak`, wanda ke zama a rijistocin firosesa, sai dai huɗu ne kacal, DR0 zuwa DR3. Na biyu, in ka haɗa kanel ya zauna a saman ma'adana, a 0xC0000000 ko 0xFFFFFFFF80000000, to kafin a kunna shafuka kod ɗin yana gudana ne a ƙasa, galibi wajen 0x100000. Sunayen da GDB ta sani na sama ne, don haka a wannan tsakanin sai ka kafa shinge da ainihin adireshi. Ga mai bin sashen tayarwa na bayit 512 kuwa, shingensa na `*0x7c00` ne, tare da `set architecture i8086`.

Inda GDB ba ta da na biyu shi ne `watch`. Wani bayani yana lalacewa, ba ka san wa ke rubutu a kansa ba. Ka ce `watch -l` a kan wurin, ka saki kanel ya gudu, za ta tsaya daidai bayan umarnin da ya taɓa shi. Abin da zai ci kwana uku ana zargin wannan da wancan, ta nan minti biyar ne.

Bochs, wata manhajar kwaikwayon kwamfuta da Kevin Lawton ya fara a 1994, ta fi QEMU nawa nesa ba kusa ba, amma ka ajiye ta kusa. Idan ka loda GDT ko TSS a karkace, takan rubuta a rahotonta ainihin sharaɗin da ka karya, abin da QEMU ba ta cika yi ba. Tana kuma da shinge na musamman: ka sa `xchg bx, bx` a kod, umarnin da ba ya canza komai, ka kunna `magic_break` a saitinta, ta tsaya a wurin. Lokacin tsallakawa daga bit 16 zuwa 32 zuwa 64, inda GDB kan rikice, Bochs ta fi sauƙin sha'ani.

Wasu kurakuran kuma ba a kod ɗinka suke ba, a yadda ka harhaɗa shi suke. Mafi muni a cikinsu shi ne jan yanki. Ƙa'idar kira ta System V a bit 64 ta yarda fankshon ya ajiye bayanai a bayit 128 da ke ƙasa da RSP ba tare da ya matsar da ita ba. A manhajar yau da kullum wannan ba komai. A cikin kanel kuwa, katsalandan na iya sauka a kowane lokaci ya ajiye nasa bayanan daidai wurin. Sakamakon shi ne lamba ta canza da kanta, sau ɗaya a cikin dubbai, ba tare da wani ƙorafi ba. `-mno-red-zone` ke hana wannan, kuma Linux ma da shi ake harhaɗa ta. Haka nan kompaila na iya amfani da umarnin SSE don kwafar bayanai alhali ba ka kunna SSE ba, sai ga lamba 6 a layin da ba ka ga laifinsa ba. `-mgeneral-regs-only` na hana ta. Idan kanel na aiki a `-O0` yana mutuwa a `-O2`, kada ka yi saurin cewa kompaila ce ta lalace. Kusan kullum wani `volatile` ne ya ɓace a kan rijistar na'ura, ko asambulin cikin C bai bayyana rijistocin da ya taɓa ba, ko kod ɗin ya yi abin da harshen C bai yi alkawarin sakamakonsa ba. `-fsanitize=undefined` na aiki a cikin kanel in ka rubuta 'yan fankshon ɗin da take kira, kuma za ta nuna maka irin waɗannan da fayil da layi.

Ka sa kanel ya riƙa zargin kansa. Ka watsa `assert` a duk inda kake da zato: wannan manuni ba sifili ba ne, wannan adireshi ya daidaita da shafi, katsalandan a kashe yake a nan. Idan aka mayar da ma'adana ga mai rabo, ka cike ta da wata lamba da za ka gane. Linux na amfani da 0x6b ga wadda aka saki, 0x5a ga wadda aka bayar ba a rubuta komai ba tukuna. Ranar da ka ga rijista cike da 6b6b6b6b a cikin wasiyya, ba sai an gaya maka ba, wani ya yi amfani da abin da ya riga ya saki.

Masu wahalar gaske su ne kurakuran lokaci, musamman bayan ka tayar da firosesa fiye da ɗaya da `-smp`. Ka ƙara layin rahoto, matsalar ta ɓace. Ka cire, ta dawo. Dalili shi ne siriyal na da nawa, kuma jiran da ake yi mata na canza wanda ya riga wani. A nan ka daina rubutu kai tsaye. Ka keɓe wani yanki a ma'adana mai zagayowa, kowane abu ya faru ka ajiye lambarsa da lambar firosesa da lokacin `rdtsc`, sai bayan mutuwa ka zazzage shi, ko ka karanta shi ta GDB. Idan kuma kanel bai mutu ba amma ya sandare, ka danna Ctrl da C a GDB, `info threads` zai nuna kowace firosesa a matsayin zare, ka ga inda kowacce ta tsaya. Sau da yawa za ka tarar biyu sun yi cirko-cirko, kowacce na riƙe da makullin da ɗayar ke jira. Ka sa kowane makulli ya riƙa ajiye sunan wanda ya riƙe shi da inda ya ɗauke shi, kuma ka tsayar da tsari guda na wanda ake fara ɗauka. Linux ta kai ga gina lockdep a 2006 saboda wannan matsala, yana kama saɓanin tsarin makullai tun kafin a sandare. QEMU na iya naɗar gudu guda ta sake maimaita shi daidai, ta hanyar `-icount` da `rr=record`, har GDB ta iya komawa baya da `reverse-continue`. Saitin na da ɗan wuya kuma ba ya aiki da KVM, amma ga kuskuren da ke fitowa jefi-jefi ya cancanci wahalar.

A gefe guda, yana da kyau a san cewa Linus Torvalds ya daɗe yana adawa da sa manhajar bin diddigi a cikin Linux. A shekarar 2000 ya bayyana ra'ayinsa cewa tana sa mutum ya gyara alamar ciwo bai fahimci tushensa ba. Sai a 2008, a Linux 2.6.26, irin wannan manhaja mai suna KGDB ta shiga. Ban bi shi har ƙarshe ba, domin `watch` kaɗai ta isa hujja, amma gargaɗin nasa gaskiya ne. In ka ƙara wani layi matsala ta ɓace ba ka san dalili ba, ba ka gyara ta ba, ta koma wani wuri ne tana jiranka.

Ka riƙa ajiye aikinka a git a ƙananan matakai, domin `git bisect` ta iya nemo maka canjin da ya kawo matsala. In ka ƙara `-device isa-debug-exit,iobase=0xf4,iosize=0x04`, kanel zai iya rufe QEMU da kansa ya bar lambar da ke nuna an ci gwaji ko an faɗi, ka ga ke nan binciken zai iya tafiya ba sai ka zauna a gabansa ba.

Daga ƙarshe dole ka hau ainihin na'ura, kuma kada ka bari sai aiki ya yi nisa. Kwamfutar kwaikwayo na da sassauci. Ma'adanarta na farawa da sifili, ta gaske kuwa na iya zuwa da shara, don haka kanel ɗin da bai share sashen BSS ba, ko ya manta bai ba wani abu ƙimar farko ba, zai yi lafiya a QEMU ya faɗi a kan ƙarfe. Na'urorin kwaikwayo na amsawa nan take, na gaske sai an jira su. Taswirar ma'adana ma ta bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, sai ka karanta wadda BIOS ko UEFI ta ba ka maimakon ka yi zato.

Matsalar ita ce kwamfutocin cinya na yanzu ba su da kafar siriyal, kuma wayar USB mai juyawa zuwa siriyal ba za ta yi aiki a ɓangaren kanel ba sai ka rubuta direban USB, wanda shi kansa babban aiki ne. Wurin wannan waya shi ne kwamfutar da kake karanta rahoto a kanta. Don gwaji ka nemi tsohuwar kwamfutar tebur ta hannu mai kafar COM a baya, ko mai filoginta a kan babban allon ciki, ka haɗa su da waya mai musanya layin aikawa da na karɓa. In babu siriyal sam, ka rubuta lambar mataki a kafa 0x80, wadda katin POST ke nunawa, ko ka sa ƙaramar lasifikar ciki ta yi ƙara ta kafa 0x61, ko ka canza launin wani lungu na allo a kowane mataki. Mai aiki a kan Raspberry Pi ya fi samun sauƙi: siriyal na kan GPIO14 da GPIO15, kuma da JTAG da OpenOCD zai iya haɗa GDB da ainihin firosesar. Ya dai tabbata adaftarsa ta volt 3.3 ce, domin wutar tsohuwar kafar RS-232 na iya ƙona allon.

Kuma don Allah, ranar da ka fara rubuta direban faifai, kada ka gwada shi a kan kwamfutar da aikinka da hotunanka da takardun makarantarka suke. Lamba ɗaya ta goce, ya rubuta a kan teburin rabon faifan, babu mai tambayarka ko ka tabbata. Ka cire faifan mai amfani, ka sa wanda ba ka jin asararsa, sannan ka tayar.